Leƙen atisaye: wa ya aiki yaron bakin shinge?

A gidan kallon unguwarmu akwai gardamar da ba ta tsufa. Da zarar an ji cewa an gurfanar da wata ƙungiya gaban kwamitin ladabtarwa kan zargin leƙen asiri, ba a yin minti biyar sai zance ya koma kan Marcelo Bielsa da Frank Lampard, wato kocin Leeds United da kocin Derby County a shekarar 2019. Lampard tsohon ɗan wasan Chelsea ne. Akwai wani tela ɗan Chelsea da ba ya ƙaunar a taɓa Lampard ko da wasa. Shi a wurinsa Bielsa ɓarawo ne, magana ta ƙare. Akwai kuma wani direban Adaidaita, ɗan Manchester United, wanda a ƙa'ida bai kamata ya so Leeds da alheri ba, amma ƙiyayyar Chelsea ta sa ya zama lauyan Bielsa. Kullum abin da yake cewa shi ne: "Haba Malam, mutum ya tsaya a kan titin gwamnati ya kalli mutane suna guje-guje, wannan ne sata? To mu ma da muke tsayawa kallon atisayen yara a filin firamare a zo a kama mu."

Na daɗe ina sauraron su, kuma na lura ba leƙen asiri suke gardama a kai ba, rigar da kowa ya sa yake karewa. Da Lampard ne ya tura ɗan leƙen, da tela ne zai riƙa zancen titin gwamnati. Laifi tudu ne. Amma ƙarƙashin hayaniyar akwai tambaya ta gaske, kuma ina ganin hukumomin ƙwallon Ingila sun ba ta amsar da ba ta gamsar ba a shekarar 2019.

Ga abin da ya faru, don waɗanda suka manta. Ranar Alhamis 10 ga Janairun 2019, 'yan sandan Derbyshire suka sami kira daga filin atisayen Derby County cewa ga wani mutum yana kai-komo a bayan shinge. Suka zo suka same shi, matashi ne ma'aikacin Leeds United. Ba su kama shi ba, domin bai tsallaka ba, bai fasa komai ba. Washegari da dare Leeds za ta karɓi baƙuncin Derby a Elland Road, Leeds na saman teburin gasar Championship, wadda ke ƙasa da Firimiya, Derby na cikin masu neman gurbin hawa Firimiya. Kafin a take wasa Bielsa ya tsaya gaban kyamara ya ce shi ya tura yaron, ƙungiya ba ta sani ba, kuma ya riga ya kira Lampard ya faɗa masa. Aka shiga fili, Leeds ta ci 2-0 ta ƙafar Kemar Roofe da Jack Harrison. Mai Leeds na lokacin, Andrea Radrizzani, ya ba takwaransa na Derby, Mel Morris, haƙuri.

Da nan abin ya tsaya da ba mu kai yau muna zancensa ba. Ranar 16 ga wata Bielsa ya kira 'yan jarida na gaggawa, har aka fara raɗe-raɗin ajiye aiki zai yi. Sai ya kunna majigi. Ya fara da cewa don ya sauƙaƙa wa masu bincike aiki, ba Derby kaɗai ba, duk ƙungiyar da Leeds ta buga da ita a kakar ya sa an leƙi atisayenta. Daga nan ya shafe sama da awa guda yana nuna yadda shi da mataimakansa suke tsefe abokan hamayya: wasanni 51 na Derby na kakar da ta gabata, kowane wasa awa huɗu na nazari, wane ɗan wasa ya buga wane gurbi na minti nawa, wane tsari ne ke ba su wahala. Ya kawo labarin wasan ƙarshe na Copa del Rey na 2012, lokacin yana Athletic Bilbao, yadda ya ba Pep Guardiola, kocin Barcelona na lokacin, kundin nazarin da ya yi wa Barcelona, Guardiola ya ce masa ai ka fi ni sanin ƙungiyata, amma duk da haka Barcelona ta zuba musu uku ba ko ɗaya. Manufarsa ita ce ya nuna ba ya buƙatar leƙen, yana yi ne kawai don hankalinsa ya kwanta, don kada ya ji kamar bai yi iyakar ƙoƙarinsa ba.

Duniya ta yi tafi, ni ma na yi. Sai daga baya na zauna na ga abin da dattijon ya yi mana. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, shi kuwa da ilimi ya naɗe tasa. An shiga zauren ana tambayar ko abin da ya yi daidai ne, aka fito ana tambayar ko abin ya amfane shi. Waɗannan tambayoyi biyu ne daban. Attajirin da aka kama da hannu a aljihun wani ba ya kuɓuta don ya buɗe asusunsa ya nuna ba ya buƙatar kuɗin. Kuma in ka duba da kyau, duk abin da ya haska a majigin nan daga wasannin da aka buga a bainar jama'a ya samo shi, wanda ba mai jayayya halal ne. Abin da bidiyon wasa 51 ba zai taɓa faɗa maka ba shi ne abin da koci ya shirya ranar jajibiri: wa ya tashi da ciwon cinya, su wa aka ba rigar 'yan sha ɗayan farko, wace sabuwar dabara aka ƙulla ta bugun kwana wadda ba a taɓa gwadawa a wasa ba, ina mai bugun fenareti yake aika ƙwallo a makon nan. Saboda wannan ake rufe ƙofa, kuma saboda shi ake tura mutum bakin shinge. In da gaske ba shi da amfani, me ya sa aka yi wa kowace ƙungiya, mako bayan mako, ana ƙona mai ana biyan ma'aikaci?

Ina fahimtar dalilin da ya sa da yawanmu a nan muke jin maganar direban Adaidaita ta fi shiga. Mu ƙwallon da muka tashi a ciki ba ta da shinge. Ƙungiyar unguwa a filin makaranta take atisaye, masu rake da masu ruwan leda na gefe, kocin abokan hamayya ma in ya ga dama ya zo ya zauna a kan babur ɗinsa ya kalla, a gaisa. Leƙen da muke tsoro daban ne: kada wani ya zo da dare ya binne wani abu a gindin raga. Na san samarin da suka taɓa kwana a fili jajibirin wasan ƙarshe suna gadin turaku, amma ba wanda ya taɓa tunanin ɓoye yadda ake bugun kwana. Bielsa ma irin wannan uzurin ya kawo, cewa a inda ya fito ba a ɗaukar abin da zafi, koci Mauricio Pochettino, ɗan ƙasarsu, ya ce haka ne a Ajantina, Guardiola ya ce a Bayern Munich mutane kan hau tudu da kyamara su kalli atisayensa. Duk gaskiya ne. Sai dai al'adar gidanku ba ta zama hujja a gidan wani. Derby ta yi shinge, ta rufe ƙofa, ta sa masu gadi. Wanda ya je ya laɓe ya san ba a so, shi ya sa bai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce ga ni daga Leeds ba. Laɓewar ita ce shaidar ya san da matsala.

Tela ma ba zai tsira daga bakina ba. André Villas-Boas ya taɓa faɗa da bakinsa cewa lokacin da yake yi wa José Mourinho aikin nazarin abokan hamayya a Chelsea, yakan je filayen atisayensu a ɓoye. Wane ne ke tsakiyar filin Chelsea a shekarun nan yana ɗaga kofuna? Lampard. Ban ce ya sani ba, ɗan wasa ba shi ke tura 'yan leƙe ba. Amma duk ɗan Chelsea da zai yi wa wani wa'azi a kan wannan ya kamata ya ɗan rage murya. Haka ƙungiyoyi 11 na Championship da suka haɗu suka rubuta wa EFL, hukumar da ke gudanar da gasar, takardar neman cikakken bincike, har mai Bristol City, Steve Lansdown, ya fito ya ce a cire wa Leeds maki. Suna da haƙƙin ƙorafi tunda su ma an leƙe su, amma cikinsu akwai masu tseren hawa Firimiya da Leeds, irin su Norwich, waɗanda duk makin da aka zare daga Leeds riba ce a gare su. In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu.

To me EFL ta yi? Ranar 18 ga Fabrairun 2019 ta ci Leeds tarar fam 200,000, hukumar ƙwallon Ingila ta FA kuma ta yi gargaɗi. Da yake babu wata doka da ta hana kallon atisayen wani a lokacin, sai aka rataye hukuncin a kan wata ƙa'ida ta gama-gari da ke cewa ƙungiyoyi su yi mu'amala da juna da cikakkiyar amana. Bielsa ya ce daga aljihunsa ya biya. Da bazara aka rubuta sabuwar doka: ba a yarda kowa ya kalli atisayen abokin karawa cikin awa 72 kafin wasa ba, sai in an gayyace shi.

A nan nake da magana biyu, kuma suna ɗan karo da juna, na sani. Ta farko, a wancan zaman EFL ba ta da hurumin cire maki, kuma da ta cire da ta yi zalunci. Ba a ƙirƙirar babban hukunci bayan an aikata abu, a ce ai ka san ba kyau. Kalmar amana roba ce, duk inda mai shari'a ya ja ta za ta je. Ta biyu kuwa, hukuncin da aka yanke ba hukunci ba ne, farashi ne. A shekarar an ƙiyasta hawa Firimiya na kawo wa ƙungiya aƙalla fam miliyan 170. Ka raba da 200,000, za ka ga kamar mutum ne ke neman naira 850 aka ce in an kama shi da maguɗi zai biya naira 1. Wane ɗan kasuwa ne zai ji tsoron wannan? Darasin da kowane shugaban ƙungiya ya ɗauka shi ne leƙe na da araha, a dai riƙa tura mai wayo. Laifin EFL shi ne ta zauna shekara da shekaru, kowa ya san ana yi, ba ta rubuta komai ba sai da 'yan sanda suka shigo ciki.

Kuma ba wai ba a ga alamu ba. A 2013 an tsinci wani kocin masu tsaron ragar matasan Genoa, Luca De Prà, sanye da kakin soja a cikin itatuwa yana leƙen Sampdoria kafin wasan hamayyar birnin. Aka yi ta dariya. A 2018, gabanin gasar cin kofin duniya, wani ma'aikacin tawagar Suwidin ya sami gida kusa da sansanin Koriya ta Kudu a Ostiriya yana hango su, koci Janne Andersson ya ba da haƙuri, kocin Koriya Shin Tae-yong kuma ya ce ai shi musanya wa 'yan wasansa lambobin riga yake yi don Turawa ba sa bambance fuskokinsu. Nan ma dariya. A ƙarshen shekarar Werder Bremen ta amsa cewa jirgi maras matuƙi da aka gani a saman atisayen Hoffenheim nata ne. Ƙwallo ta mai da abin almara ta ban dariya, kowa da labarin da zai bayar a teburin shayi.

Wanda ya kashe dariyar shi ne abin da ya faru a gasar Olamfik ta Faris a 2024, kuma shi ne ma'aunin da nake so a riƙa ɗorawa. 'Yan wasan mata na New Zealand na atisaye a Saint-Étienne suka ga jirgi maras matuƙi a kansu. 'Yan sandan Faransa suka kama mai tuƙa shi, Joseph Lombardi, ɗan tawagar Kanada, wadda ita ke riƙe da zinaren gasar Tokyo. Cikin 'yan kwanaki FIFA ta zare wa Kanada maki 6 a rukuni, ta ci hukumar ƙwallon ƙasar tarar faran 200,000 na Suwizalan, ta dakatar da koci Bev Priestman da mataimakiyarta Jasmine Mander da shi Lombardi shekara guda-guda. Kanada ta ɗaukaka ƙara kotun wasanni ta duniya, aka yi watsi da ita. Ka lura da lambar: 200,000 a nan, 200,000 a can, amma ba wanda ke tuna tarar Kanada. Maki shidan nan kowa ke tunawa, domin an taɓa su a kan abin da suka je nema. Wanda ya yi maguɗi don ya sami maki, a makin ya kamata ya ji zafi. In kuma wasan sili-ɗaya-ƙwale ne, inda maki ba su da ma'ana, to wasan da aka yi leƙen dominsa shi za a ƙwace. Amma a rubuta shi baro-baro tun kafin a take kakar wasa, kowa ya sa hannu, don kada ranar zaman kwamiti a koma ciniki da lauyoyi, magoya baya kuma su ce an yi wa ƙungiyarsu ne don ba a son ta.

Akwai abin da ke ci mini rai a wannan matsayin nawa, ba zan ɓoye ba. 'Yan wasan Kanada ba su tuƙa jirgi ba. Sun ci New Zealand 2-1, sun ci Faransa mai masaukin baƙi 2-1 da ƙwallon Vanessa Gilles can cikin ƙarin lokaci, sun ci Kolombiya 1-0, maki 9 suka koma 3. Na ga Gilles bayan wasan Faransa tana magana hawaye na zuba, tana cewa sun kwana uku ba barci ba cin abinci, su ba 'yan maguɗi ba ne. Na yarda da ita. Sun tsallake rukunin a haka, sai Jamus ta cire su a bugun fenareti a zagayen 'yan takwas. Duk wanda ya ce cire maki ba ya taɓa marar laifi ƙarya yake. Amma in ka juya ka kalli ɗaya ɓangaren, 'yan New Zealand su ma ba su yi wa kowa komai ba, sun yi shekara uku suna jiran gasar, aka shiga wasa da su an riga an karanta takardarsu. Ribar leƙe ƙungiya gaba ɗaya ke ci, ko 'yan wasa sun san daga ina bayanin ya fito ko ba su sani ba. Ba a ce musu ku mayar da kuɗin garaɓasar nasara don ba ku san da jirgi ba. Tunda a haɗe ake cin riba, ban ga yadda za a raba a wajen asara ba.

Wani zai ce ai ƙwallo ta yi wa kanta shari'a a batun Leeds. Gaskiya abin ya zo kamar shiri. A watan Mayun 2019 aka sake haɗa Leeds da Derby a wasan neman gurbin Firimiya, Leeds ta ci 1-0 a Pride Park, magoya bayanta suna ta rera wa Lampard waƙar ya daina kuka, sai Derby ta je Elland Road ta ci 4-2, Jack Marriott ya zura biyu, 'yan wasanta suna zagaye idanu da yatsu kamar masu riƙe da madubin hangen nesa. Tela har yau da wannan daren yake rufe gardama. Amma wannan sa'a ce ba adalci ba. Da ƙwallo ɗaya ta daki turke da labarin ya sauya. Derby ma ta je wasan ƙarshe a Wembley Aston Villa ta doke ta 2-1.

Shi kuma direba da wani abin yake rufe tasa. Ranar 28 ga Afrilun shekarar, Leeds ta zura wa Aston Villa ƙwallo alhali ɗan wasan Villa Jonathan Kodjia na kwance ya ji ciwo, rikici ya ɓarke, Bielsa ya tsaya a bakin layi ya umarci yaransa su bar Villa ta rama. Albert Adomah, ɗan ƙasar Gana, ya ja ƙwallo tun daga tsakiya har raga, Pontus Jansson na Leeds ne kaɗai ya yi yunƙurin tare shi. Kunnen dokin 1-1 ya tabbatar wa Sheffield United, wadda Leeds ke tsere da ita, hawa Firimiya kai tsaye. A watan Satumba FIFA ta ba Bielsa da Leeds kyautar wasa da gaskiya ta shekara, Lampard ya ce abin ya ba shi mamaki. Direba kan ce: "To Alhaji, ɓarawo ne zai yi haka?" Ni ban taɓa cewa Bielsa mutumin banza ne ba. Ina ganin yana cikin mafi tsoron haƙƙi da suka taɓa zama a benci, mutumin da ya amsa laifi kafin a tambaye shi, ya tona sauran da ba a sani ba, ya biya da kuɗinsa, ya kuma mai da Leeds Firimiya a 2020 bayan shekara 16 a waje. Wannan ma shi ne abin tsoron. In mutum irinsa zai tura yaro bakin shinge hankalinsa kwance, to ba a dogara da halin kirkin koci, domin na gaba da za a kama ba zai amsa ba. Zai ce yaron ne ya yi gaban kansa.

Yaron nan shi ne ba a zancensa a gidan kallo. Koci ba ya zuwa bakin shinge da kansa. Ƙaramin ma'aikaci ake turawa, mai neman gindin zama, wanda in ya ce a'a gobe a kawo wani. Shi 'yan sanda ke tarewa, shi ake ɗauka hoto, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Genoa dakatar da De Prà ta yi ta ce ba ita ta aike shi ba. A batun Kanada, takardun da FIFA ta fitar sun nuna tun watanni kafin Olamfik ɗaya daga cikin masu nazarin tawagar ya rubuta cewa ba zai yi leƙe ba, saboda lamiri da mutunci, Priestman kuma ta aika da saƙo tana neman shawarar yadda za a yi da batun, tana cewa ai manyan ƙasashe duk suna yi. Ke nan ƙin yi ne ya zama matsalar da ake neman magani. Duk kwamitin da ya zauna kan irin wannan zargi bai fara da tambayar wa ya ba da umarni, wa ya karɓi hoton, wa ya zauna ya kalla ba, to ya zauna ne don ya nemo wanda za a yanka. Na taɓa aiki a wani wuri da oga ke cewa ka je ka yi kaza, in ta yi kyau nasa ne, in ta ɓaci bai san zancen ba, don haka na san irin kallon da yaron yake yi wa wayarsa yana jiran a kira a ce muna bayanka.

Priestman ta gama shekararta ta dakatarwa, a watan Yulin 2025 ta sami aikin horar da matan Wellington Phoenix, a New Zealand ɗin da aka leƙa. Shi kuwa Lombardi, kotun Faransa ta yanke masa ɗaurin wata takwas na jeka-ka-gyara-halinka, kuma sunansa na nan a kundinta.